Haƙorina na Makka

Tun ranar da na dawo kun hana ni sakat. Wannan ta shigo da kwanon kunu ta ce, "Hajiya Kulu, ya Gusau?" Waccan ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Wai da gaske har Bungudu kuka kai?" Wata ma ba ta gama sallama ba idonta yana kan bakina. To, tunda yanzu kun iya tambaya, ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, wadda ba ta nan a kai mata. Kuma kada wadda ta katse ni da "Allah sarki", na ƙoshi da shi tun a asibiti.

Haƙorin kun san shi, amma ba dukanku kuka san yadda ya shiga bakina ba. Shekarar da marigayi maigidana Alhaji ya sayar da bijimai ya biya mana kujera mu biyu, bayan mun sauke farali sai ya kai ni wani ɗan shago a Makka. Mai shagon ya goge mini fiƙar sama ta hagu, ya ɗosana mata kwanson zinariya. Alhaji ya ce, "Yi dariya in gani." Na yi. Ya ce, "To, yanzu ko ba a faɗa ba an san inda kika je." Lokacin muna ƙauyenmu, rumbuna a cike, garke a bayan gida. Sauran kun sani. Ɓarayin daji suka kore shanun, gona ta gagari zuwa, muka taso muka shigo Tsafe da ɗan abin da kai zai iya ɗauka. Alhaji bai cika shekara a nan ba baƙin ciki ya kwantar da shi, ya tafi. Akwatin tsarabata yana can, in ma bai ƙone ba gara ta gama da shi. Abin da ya rage mini da zai shaida na taɓa zama wata a duniya shi ne wannan haƙori. Ina ɗaki ɗaya na aro a garin da ba a san ubana ba, amma in na buɗe baki aka ce Hajiya, sai in ji ban gama faɗuwa ba.

Ciwon ya haura shekara biyu. Wani ɗan ƙurji ne ke fitowa a dasashi, daidai saman haƙorin. Ya kumbura, ya hana ni tauna, ya fashe, in ji gishiri-gishiri a baki, sai ya lafa. In ce alhamdu lillahi, ya tafi. Bayan sati uku ya dawo kamar wanda ya manta takalminsa. Babu abin da ban yi ba. Kanumfari na tauna har harshena ya mutu. Ruwan gishiri, tafarnuwa, saiwar da aka ce a dafa da jar kanwa, ga kafso mai ja da rawaya da nake saye a kemis, in sha kwana biyu in ajiye da zarar na ji sauƙi. Mai kemis ɗin ma ya gaji, ya ce, "Hajiya, wannan fa sai asibiti." Na ce masa asibiti abu ɗaya suka sani, cirewa, ni kuwa da haƙorina za a sa ni a kabari.

Balkisu, ɗiyata da ke aure a nan bayan kasuwa, ita ta matsa. Kullum ta zo sai ta ce, "Inna, mu je Gusau." Ana nan sai na ji labarin wani wanzami a Bungudu, wai yana fitar da tsutsar haƙori da hayaƙi, ba ya cirewa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ga Yaya Tumba, yayar marigayi, a can take zaune, masauki ba abin nema ba ne. Na ce wa Balkisu zan yi tafiyar, amma Bungudu. Ta yi ta yi, na ce ko Bungudu ko in zauna. Ta ɗauki jaka ta bi ni tana ƙunƙuni.

Yanzu ba a sammako a hanyar nan, kun sani. Muna tasha tun da hantsi, direba ya ƙi tashi sai da ya ga motocin Gusau sun fara shigowa, ya tari na farko ya tambaya, aka ce masa hanya lafiya. Mu huɗu ne a baya. Ɗan kamasho ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke zauna bakin taga ki sha iska." Na ji daɗi har raina, na sa masa albarka. Kusa da Balkisu wata Bafulatana ce da ƙwaryar nono a cinya, ta ce asalinsu wajen Ruwan Bore ne, su ma an kore musu komai sai 'yan shanu uku da take tatsa. Da muka fita gari kowa ya yi tsit. Damina ce, ciyawa ta kai ƙugu a gonakin da ba wanda ya shuka, ido yana cikin daji, baki yana motsi da addu'a. Ni kuwa duk ramin da mota ta faɗa sai in ji shi a ƙwaƙwalwata. A wani rami nono ya yi tsalle ya wanke wa Balkisu zani. Bafulatanar ta ce, "Ayya, yafe mini, ai fari ne, alheri ne." Balkisu ta ce to alherin ya tsaya haka nan.

Ba mu ƙetare iyakar wata ƙasa ba, amma wallahi mai zuwa Nijar bai fi mu tsayawa ba. Shinge bayan shinge, buhunan yashi da ganguna. A wani aka ce kowa ya sauka. Wani mai kaki ya daɗe a kan Bafulatanar, ya buɗe ƙwaryarta, ya tambaye ta daga ina, zuwa ina, ina mijinta. Sannan ya juyo kaina, don na rufe rabin fuska da mayafi saboda iska na taɓa haƙorin. Ya ce in buɗe. Na buɗe, na daure na yi masa murmushi na gaishe shi. Nan take ya ja da baya ya ce, "A'a, Hajiya ce. A sa mu a addu'a." Da muka koma mota Bafulatanar ta leƙo ta ce, "Ke kam fasfonki yana bakinki." Muka yi dariya, ni da hannu a kunci. A raina na ce, kun gani ko, wannan ne ake so in cire?

A Gusau sai an sauya mota. Muna cikin napep za mu inda ake hawa ta Bungudu, Balkisu ta nuna wata hanya ta ce, "Inna, asibitin fa ta can yake, ko leƙawa mu yi." Na ce ta sauke hannunta kafin in sauke mata shi. Da na san abin da ke gabana, da a nan na dira ko napep ɗin bai tsaya ba.

Yaya Tumba ta tarbe mu da kuka, don rabonmu da juna tun rasuwar ƙanenta. Tsohuwa ce mai kirki, sai dai ba ta taɓa yarda baƙo ya ƙoshi ba. Ta bar mana ɗakinta ta koma na surukarta, ta dire mana hoce, wainar dawar nan mai tauri, cike da faifai. Mai ciwon haƙori da hoce, jama'a! Na jiƙa shi a miya har ya saki jiki, ina turawa ta gefen dama, ita tana tsaye a kaina tana cewa ban ci komai ba. Mutanen can kuwa gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mu a nan in an ce ina gajiya, ya gida, ya yara, an gama. Su sai sun tambayi gajiyar jiya da ta shekaranjiya, su yi shiru, ka ɗauka an sauka, su sake ɗaukowa daga farko. Kowace ta shigo sai na amsa, kowace amsa kuma da zafinta. Duk wadda ta zo daga bakin ƙofa take zama. Na ce wa Balkisu, kai, mutanen Bungudu akwai ladabi. Ta kau da kai ta hau gyaran jaka.

Washegari aka kai ni wajen wanzamin. Rumfarsa na gefen kasuwa, dattijo ne mai furfura, zabirarsa a rataye. Ya ɗora tsingaro a kan garwashi, ya zuba wasu 'yan ƙwayoyin iri da ɗan mai, ya kife ƙwarya mai huda a kai, ya sa mini kara mai rami a baki ya ce in bar hayaƙin ya shiga. Na sha hayaƙi har da hawaye. Da ya ɗaga ƙwaryar sai ga wasu farare-farare kamar zare suna yawo a ruwan da ya ajiye a ƙasa. Ya ce, "Ga su nan, Hajiya, kin gan su da idonki." Yaya Tumba ta yi kabbara. Balkisu ta leƙa ta ce ita dai kamar tsiron irin ta gani. Na galla mata harara.

Kwana uku ina shan hayaƙi, kwana uku ciwo na ƙaruwa. Rana ta huɗu ya girgiza kai ya ce, "Uwar tsutsar ta yi gida, sai an hidda haƙorin. Nuna mani wanda ka ciwo."

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Balkisu ta juya baya don ba ta son ganin jini. Na ɗaga yatsa, na tsallake na zinariyar, na ɗora a kan na bayansa, lafiyayye, wanda bai taɓa yi mini laifin komai ba. A wautata, in an cire maƙwabcinsa dattin zai samu ƙofar fita, nawa ya tsira. Wanzamin ya ɗauki awartaki ya ɗan ƙwanƙwasa na zinariyar. Wallahi sai da na ga wuta, amma ko ƙifta ido ban yi ba. Ya dube ni, na dube shi. Ya ga ƙurjin, ai ba makaho ba ne. Ya ce, "Hajiya, kin tabbata?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "To, mai abu ya hi sanin abu nai." Bai so ya ƙaryata Hajiya a gaban mutane ba, ya yi mini kara. Ya kafa gwiwa ya kama lafiyayyen haƙori. Wannan ba zan ba ku labarinsa ba, duk wadda ta taɓa haihuwa ta ƙiyasta. Ba allura, ba komai, sai Yaya Tumba da ta riƙe mini kai tana salati.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Cikin kwana biyu fuskata ta hau, kunci ya haɗe da hanci, idon hagu ya rufe ruf, zazzaɓi na kaɗa ni a kan tabarma. Yaya Tumba ta ce, "Wanga baki na. Tun da kunka iso mutane na ta kallon haƙorin ga." Ta yafa mayafi ta tafi neman rubutu. Ban taɓa jin Balkisu ta ɗaga mini murya ba sai ranar. Ta ce, "Inna, na rasa uba, ba zan zauna ina kallo in rasa uwa a kan ƙarfe ba. Ki tashi, ko in kira maza su ɗauke ki." Ƙarfe ta ce, da bakinta. Na lallaɓa na tashi.

Asibitin Gusau wata duniya ce. Sai an yanki kati, a ba ka lamba, ka zauna a benci ka jira, ba ruwan kowa da ko kai wane ne. Da layi ya zo kaina sai na ji an ƙwala, "Hauwa'u!" Ko waiwayawa ban yi ba. Rabon da a kira ni da sunan yanka tsirara haka tun ina budurwa, sai da Balkisu ta taɓa ni. Ciki kuwa wata kujera ce mai kwanciya da kanta. Ki zauna da mutuncinki, a taka wani abu, sai ga ki a miƙe a gaban namiji, fitila a kan fuska. Ga ɗan kwano a gefe, wai ki tofa a gaban mutane. Likitan sa'an Balkisu ne, mai sanyin magana. Mai taya shi aiki wata ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Sista. Ba Bahaushiya ba ce, amma a Gusau aka haife ta, Hausa ras a bakinta. Ita Mama take ce mini.

Aka ɗauki hoton haƙorin. Likita ya nuna mana wani baƙin tabo a saman saiwar. Ya ce haƙorin ya daɗe da ruɓewa a ƙarƙashin kwanson, jijiyarsa ta mutu, mugunya ta taru tana cin ƙashi, ƙurjin nan da ke fashewa hanya ce ta yi wa kanta. Ya ce kafson da nake sha lallashin ciwon kawai yake yi, tunda tushen na nan. Sannan ya leƙa ramin da wanzami ya bari ya ce, "Wannan kuma me ya yi aka cire shi? Ban ga alamar ciwo a gurbinsa ba." Balkisu ta ce, "Ai shi ne mai ciwon, shi ta nuna." Likita ya ce, "A'a, mai ciwon ga shi nan yana ƙyalli." Balkisu ta dube ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni dai na rufe idon da ya rage mini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce da na zo tun farkon ciwon, da ba sai an cire ba. Wai akwai aikin da suke yi, a huda haƙorin, a kwashe matacciyar jijiyar, a wanke ramin a cike, har a mayar masa da kwanson zinariyarsa. Ashe abin da na yi shekara biyu ina gudu ba shi ke jirana ba. Yanzu kam saiwar ta ruɓe ta tsage, babu abin da za a ɗora wa kwanso. Ya ce in ba a cire ba abin zai iya hawa ido, ko ya shiga jini. Na ce a ba ni magani in je gida in yi shawara. Ya ce gida kam ba yau ba. Aka tsaga wajen aka fitar da abin da ya taru, aka ba ni gado, aka ɗaura mini ruwa da allurai.

Kwana biyu na yi a ɗakin mata kafin a kai ga cirewar. Masu jinya a baranda suke shimfiɗa tabarmi, nan Balkisu ta tare, tana sayo mini kunun gyaɗa a bakin ƙofa, tsararo, sukari ya fi gyaɗar yawa. Abin da ya ba ni mamaki da mutanen birni, ba sa ɓoye ciwo. Ta gadon kusa da ni ba ta san sunana ba, amma kafin azahar na san abin da ke damun mahaifarta, da abin da mijinta ya ce, da abin da uwar mijin ta ƙara. Ni kuwa da ta tambaye ni, cewa na yi ɗan sanyi ne ya taɓa ni, da fuskata suntum kamar tulu. In likita ya zagayo ya ce, "Hajiya, kin yanke shawara?" sai in ce ina istihara.

Rana ta biyu da la'asar Sista ta zo wanke mini baki. Kumburin ya ɗan sauka. Ta ja kujera ta zauna ta ce, "Mama, me kike karewa ne a haƙorin nan?" Na ce mutuncina, abin da ba lalle ta gane ba. Ta ce, "Mutunci?" Ta nuna fuskarta. "Kin ga takunkumi biyu na sa. Mama, bakinki wari yake yi, wari mai ƙarfi, tun kafin a iso gadonki ake ji. Kuma ba na jiya ba ne, irin wannan ya daɗe. Ke ba za ki ji ba, hancinki ya saba. Ba wanda ya taɓa gaya miki?"

Inna lillahi. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na ce mata marar kunya, marar tarbiyya, na ce a garinmu ko mahaukaci ba ya duban babba ya faɗa masa haka. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Shi ya sa kika kai haka, Mama." Ta gama aikinta ta fita.

Na sa aka kira Balkisu. Na ce ta zauna a bakin gado, ta zauna daga wajen ƙafa. Na ce, "Matso." Ta matso kaɗan. Na ce, "Gaskiya ne?" Ba ta tambaye ni mene ne ba, a nan na samu amsata. Ta sunkuyar da kai tana hawaye ta ce, "Inna, da wane baki zan faɗa miki?" Na ce tun yaushe? Ta ce tun azumin bara waccan. Na ce wa da wa ya sani? Ta ce, "Kowa."

Kowa. Na kwanta ina kallon silin, abubuwa na dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Jikata da ta daina hawa cinyata, na ce ƙiwa ce. Sahun Islamiyya da ake bar mini fili dama da hagu, ina cewa girmamawa ce. Bakin taga, da mai kakin da ya ja da baya, da ladabin mutanen Bungudu. Shekara biyu ina baza haƙori ina jin ni Hajiya ce, ashe mutane numfashi suke riƙewa har in wuce. Abin da na ɗauka yana riƙe mini mutunci, shi ke zubar da shi a kowace gaisuwa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, ko ranar da muka shigo Tsafe da ƙunshi a ka.

Da safe da likita ya zo ban bari ya tambaya ba. Na ce, "A cire." Allura ya yi mini a dasashi, wajen ya mutu, na ji ana girgizawa ana ja, amma zafi babu. Kafin in gama salati goma an gama. Wannan ne fa abin da na ba da lafiyayyen haƙori don in guje masa. Sista ta kawo mini shi a auduga. Waje yana ƙyalli kamar ranar da aka sa shi, ciki baƙi ƙirin. Na kai shi hanci. A lokacin ne na ji abin da kuka yi shekara biyu kuna ji. Na ce wa Sista ta yafe mini zagin jiya. Ta ce, "Ba komai, Mama, na saba. Daga gobe ki riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, kuma ki shanye maganin nan duka, kada ki ajiye don kin ji sauƙi."

Dawowa ba wani labari a cikinta. Bayan kwana biyu aka sallame mu. A tasha aka cusa ni tsakiya kamar kowa, wata mai goyo ta kwantar da kai a kafaɗata ta yi ta barci har muka shigo Tsafe. Kafaɗar ta yi tsami, amma ban ture ta ba.

Ke Ladi, ga ki nan zaune, in na yi ƙarya ki tare ni. Ke kika fara shigowa ranar da na dawo. Ke ce aminiyata tun da na zo garin nan, ke kika taya ni zaman takaba, sirrin da ban faɗa wa Balkisu ba ke na faɗa wa. Na tambaye ki ido da ido, na ce, "Ladi, kin sani?" Kika kama murza bakin zani kika ce, "Haba Hajiya, ai kara munka yi miki. Ina za a dubi babba kamarki a ce mata haka?"

Kara. Na san ta, ni ma da ita aka rene ni, ni ma na yi wa wasu har ina yabon kaina. Wanzami ya yi mini, ɗiyata ta yi mini, unguwa guda ta yi mini. Karar nan ta ci mini haƙori biyu da ɗan ƙashin da likita ya ce ba lalle ya dawo ba, ta kusa haɗawa da ido. Da ɗayarku ta ja ni ɗaki bara waccan ta raɗa mini kalma ɗaya, da na yi fushi da ita wata guda, da kunya ta kora ni Gusau, da yau abin da Alhaji ya sa mini yana bakina. Sai da na je hannun bare, wadda ba ta san darajata ba, kafin in samu mai ƙaunata har ta iya ɓata mini rai. Laifina ban ɗora wa kowa ba, ni na ɗaga yatsa na nuna. Amma a cikinmu duka ni kaɗai ce ba na jin warin.

Kika ce, "To ai ya wuce, alhamdu lillahi." Kika taso daga bakin ƙofa inda kika saba zama, kika zo kika zauna a tabarmata, gwiwarki na taɓa tawa, karon farko cikin shekara biyu. A nan na gane ke ma warin ne ya ajiye ki a bakin ƙofa, na kasa zama. Kin tambaye ni daga baya me ya sa na miƙe na ce zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba. To, yau kin ji.